Kukan Zabuwa a Tireshbil

Tun da na dawo daga Abijan bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da dawowa sai ta gyara zama ta ce, "Zuwaira, wai da gaske ne abin da aka ce kin yi a gaban manyan mutane?" In ba ta labari, ta tashi, wata ta yi sallama, in koma farko. Har a gidan suna an tare ni ina tsakiyar cin abinci. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ta karanta da kanta, maƙogwarona ya samu sarari.

Waɗanda suka san ni sun san na daɗe a wani ƙaramin gidan rediyo nan Maraɗi, ina gabatar da shirin gaishe-gaishe da na mata. Mai gidan rediyon ya rasu, magada suka kasa daidaitawa, aka garƙame ƙofa. Ni kuwa ga 'ya'ya mata biyu duk suna lakwal, wato makaranta, mahaifinsu ya riga mu gidan gaskiya. Na gwada 'yar sana'ar cikin gida, sai na ga bakina ya fi hannuna iya aiki. Ana cikin haka Nana, ɗiyar Kawu Ilu da ke zaune Abijan, ta kira ni ta ce wani gidan rediyo a unguwar Tireshbil yana neman mai gabatar da shiri da Hausa. Ta tura musu muryata, sun saurara, suna son ganina ido da ido. Inna ta ce in bar mata yara, in je in gwada sa'ata.

Daga Maraɗi zuwa Yamai ba abin faɗi, hanya ce da na sani. A motar Abijan ne Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da Hajiya Kulu, 'yar kasuwa mai kai turaren wuta da humra, wadda ta bi hanyar nan har masu sayar da ruwa a tasha sun san sunanta. Ba mu gama fita gari ba ta fara.

"Ke 'yar wace unguwa ce? Mijinki fa? Allah ya ji ƙansa. Me ya same shi? To aikin rediyon nan, a zaune ake yi ko a tsaye? Idan atishawa ta zo miki kina magana fa?"

Kafin mu kai Wagadugu ta san sunan kakata. Na riƙa ce wa raina, wace irin mata ce wannan? Amma duk inda aka tsaya ita ke nuna mini wurin alwala mai tsabta, da mai shinkafar da ba ta ɓata ciki.

A iyakar Burkina da Kodebuwa aka sauke mu duka, kowa da katinsa da takardar riga-kafi a hannu. Da aka gama da ni na zagaya na yi salla, na dawo na ga motarmu, na hau. Na zauna a kujerata, sai na ga wani dattijo mai kwandon kaji a wurin Hajiya. Har na buɗe baki zan ce masa wurin da mai shi, mota ta fara motsi, kuma ta juya hancinta inda muka fito. Ashe motoci biyu ne masu fenti iri ɗaya, wannan Bobo za ta koma. Sai na ji ana dukan jikin motar kamar za a fasa ta. Hajiya Kulu ce, takalminta a hannu, mayafi ya zame, tana zazzaga wa direba Julanci da Faransanci da Hausa a haɗe. Ta jawo ni ƙasa tana haki.

"Ke da za ki je ki yi wa duniya magana, ba ki iya gane motarki ba?"

Daga nan har Abijan ko fitsari zan je sai ta bi ni da ido.

A Buwake na fara cin aloko, wato soyayyar ayaba nunanniya da yaji da kifi. Na tsaya ina kallonta, don a wurinmu abu mai zaƙi ba ya haɗa kwano da barkono. Na ɗanɗana ɗaya don kada in kunyata Hajiya, na ƙarasa da siɗe yatsa.

Tashar Ajame kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauki kasuwar Maraɗi ranar jajibirin salla, ku zuba mata motoci, ku ce kowa ya yi ihu lokaci ɗaya. Masu amalanke suna ratsa mutane da kaya sun fi tsawonsu. Ina riƙe da jakata a ƙirji sai na ji wani mai tura kaya ya ce wa ɗan'uwansa, "Kauce mata, baƙuwa ce, ba ka ga yadda take zare ido ba?" Da Hausa tsantsa, irin ta Tawa. Raina ya ɗan kwanta. Hajiya ba ta tafi ba sai da ta damƙa ni hannun Nana, ta kwatanta mana masaukinta a Tireshbil.

Nana haifaffiyar Abijan ce, tana aiki a wani kamfanin inshora. Faransanci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuwa sai ta laluba. Ta rungume ni ta ce, "Akwaba, Yaya! Baba ta ce in kawo ki da sauri, tana jira." Kawu Ilu, mai gemu har ƙirji, babban dillalin goro a kasuwar Ajame, shi ne "ta" ɗin. Ya gaji da gyara mata, ya haƙura.

Gidansu yana unguwar San Mishel, hawa na biyu. Ɗaki ɗaya muka raba da Nana. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wanki: a Maraɗi kina shanya zane, kafin ki juya ya bushe, a can kuwa sai ya kwana ya wuni yana nan da danshinsa kamar yana fushi da ke. Kuma kowa Tanti yake ce mini, wato gwaggo, har wata mata da na tabbata ta girme ni.

Washegari da hantsi Nana ta ce, "Yaya, shirya, yau za mu ci garba."

Na ce, "Wane Garba? Me ya yi muku?"

Kawu ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Ashe abinci ne, aceke na rogo da soyayyen kifi da albasa da barkono, kuma mutanenmu ne suka fi sayar da shi, shi ya sa sunan ya bi shi. Wanda muka saya a wurinsa ɗan Dogon Dutsi ne. Da ya ji daga gida nake, ya zaɓo mini tsokar kifi mafi kauri, ya tambaye ni ko an yi ruwa bana.

Da la'asar Nana ta zaunar da ni a baranda ta ce za ta gwada ni, don ita ta sha shiga irin ganawar nan ta ɗaukar aiki. Ta ɗaure fuska ta ce da Faransanci, "Madam, da a ce ke dabba ce, wace dabba ce?"

Na ce, "Nana, ni kike ce wa dabba? Na girme ki fa."

"Ba ni ba ce, Yaya! Haka suke tambaya a nan."

Kawu da ke gefe yana shan shayi ya ajiye kofi. "Wannan ai rashin ta-ido ne. Mu in za mu ɗauki mutum aiki, sai mu tambayi ɗan wane ne, wa ya san shi, yana salla? Ba mu taɓa tambayar mutum ko shi akuya ba ne."

Nana ta bar shi ya gama, sannan ta yi mini bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Ta ce ba amsar suke nema ba, don babu amsar da ke daidai. So suke su ga yadda mutum yake idan an ɗauke shi ba shiri: zai fusata, zai daskare, ko zai yi ƙarya? Ta ce in abin ya ba ni dariya in yi dariyata, in ja numfashi, in faɗi abin da ke raina a fili, in ban sani ba in ce ban sani ba. Na riƙe maganar, ko da yake a zuciyata ina tare da Kawu.

Ana gobe ganawa na ce bari in je in ga wurin da kaina, kada in ɓata ranar. Nana tana wurin aiki. Na fita bakin titi na ga ƙananan motocin haya da suke kira gbaka, na tambayi kwandastan ɗaya, "Tireshbil?" Ya kaɗa kai, ya tura ni ciki. Ina jin ko Makka na ce masa kai zai kaɗa. Muka yi ta tafiya, ba gada ba ruwa, alhali an ce mini sai an haye ruwa. Da kowa ya sauka na tambayi wata mai sayar da kifi, ta riƙe baki ta ce nan Abobo ne, na yi hannun riga da inda za ni. Ta ce, "Yako, Tanti." Kalmarsu ce ta jaje, ita suke faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe da wanda aka yi wa rasuwa. Ta bar tirenta a hannun maƙwabciyarta, ta raka ni har motar Ajame, ta ja wa direba kunne. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Ranar ganawa na sa leshina mafi kyau. Nana ta nemi izini a wurin aiki ta raka ni. Muna hayewa gada sama ta buɗe, irin ruwan nan nasu da ba ya sallama. Tsakanin inda mota ta ajiye mu da rumfar da muka fake na jiƙe sharkaf, leshi ya manne mini, kwalli ya gangaro. Na ce wa Nana mu koma gida kawai, ba zan shiga gaban mutane haka ba. Hawaye ya riga ya zo. Ita ce ta tuna masaukin Hajiya Kulu yana kusa, a unguwar da ake kira Biyafara. Ko sunan ya ba ni mamaki, amma ba lokacin tambaya ba ne.

Gida ne mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a jere, kowace ƙofa da harshenta. Hajiya ta gan ni ta tafa hannu. "Ke dai ba a barin ki ke kaɗai!" Ta ba ni zane na ɗaura. Wata maƙwabciya ta kawo dutsen guga, wata ta kawo fanka, wata Bayarabiya ta zaunar da ni ta sake ɗaura mini ɗankwali irin nasu mai tsayi. Hajiya ta kifa kwando a kan kasko, ta baza leshin a kai, ta zuba turarenta mafi tsada. Na fito daga gidan nan ina ƙamshi kamar amarya, matan tsakar gida suna yi mini fatan alheri da harsuna huɗu ko biyar.

A gidan rediyon na tarar da masu nema da yawa, samari cikin kwat, da wata budurwa mai suna Fati, haifaffiyar Tireshbil, mai fara'a, wadda ta matsa mini wuri a benci. Da aka kira ni na shiga na samu mutum uku. Madam Awa, shugabar gidan, Bajula ce mai tabarau. Mushe Idirisa, haka suke ce wa malam da Faransanci, mai kula da shirye-shirye, Bahaushen Abijan ne. Na ukun wani tsoho ne cikin babbar riga da ta sha wanki, ya jingina da sandarsa, ido a rufe. Aka ce mini Baba Alhaji Ɗan Tasawa ke nan, wakilin masu saurare. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai buɗe ido ba.

Tambayar farko da Madam Awa ta yi mini ita ce, "Wane turare ne wannan?" Na gaya mata, har da kwatancen ɗakin Hajiya. Ta rubuta. Daga nan aka yi tambayoyin da na zata, na aikin da na yi a baya da yadda nake tsara shiri. Na fara sakin jiki. Sai Mushe Idirisa ya jingina ya ce, "Malama Zuwaira, da za ki wayi gari ki ga kin zama gbaka, wace hanya za ki riƙa bi?"

Na ji wani abu ya taso mini, irin na ranar baranda. Na ja numfashi kamar yadda Nana ta ce. Sai dariya ta kubce mini.

Na ce, "Mushe, sau ɗaya na taɓa shiga gbaka, jiya, kuma Abobo ta kai ni ina neman nan. Don haka ni dai kowace hanya aka ba ni zan bi, amma inda na ce wa fasinja za ni, can zan kai shi. Mai saurare ma haka ne, in na ce masa shirin lafiya ne, ba zan sauke shi a siyasa ba."

Suka yi dariya. Madam Awa ta ce, "To kina tsakiyar shiri kai tsaye, wani ya kira ya ce yana son ki da aure. Ya za ki yi?"

Na ce, "Ai an taɓa yi, Madam. Na gode masa, na ce ya turo magabatansa bayan labarun yamma, yanzu layi na masu gaisuwa ne. Har yau ba su iso ba."

Mushe ya ce masu saurarensu matasa suna cakuɗa Hausa da yaren titi na Abijan, ko na san abin da ake nufi da gawu? Na ce a wurinmu dai gawo itace ne, mai zubar da ganye da damina, amma nasu ban sani ba, ba zan yi ƙarya ba. Ya ce baƙo ne wanda bai san gari ba, wanda ake yi wa wayo. Na ce, "Ashe sunana kuka kira." Aka sake dariya, amma na ga ya yi ɗan rubutu, na kuma san a nan na yi rauni.

Madam tana shirin sallamata sai tsohon nan ya buɗe ido.

"Ɗiyata."

"Na'am, Baba."

"Kin iya kukan zabuwa?"

 Mushe ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na dubi tsohon ko wasa yake, na ga ba alamar wasa a fuskarsa. Na tuna ni uwa ce, ga leshi, ga ɗankwali ya kusa taɓa silin, ga samari a bayan ƙofa suna jin duk abin da ake yi. Na tuna kuma abin da ya raba ni da 'ya'yana ya kawo ni nan. Na gaishe da kunya na ajiye ta gefe, na miƙe tsaye, na ɗaga wuya na saki murya: "Ƙurƙyat! Ƙurƙyat! Ƙurƙyat!"

Madam Awa ta cire tabarau tana share ido. A waje na ji benci ya kife. Tsoho kuwa ko murmushi.

Ya ce, "Wannan macen ce. Namijin fa?"

Na yi masa na namijin, mai kakkaɓi kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, yadda nake ji a garin kakata.  Ya ɗauki hannun rigarsa ya rufe fuska. Dariya ta ɗauke a ɗakin.

Da ya samu kansa ya ce, "Uwata zabi take kiwo. Su ke tashe mu da asuba. Ina saurayi na zo garin nan da niyyar in yi rani ɗaya in koma, ga shi har na yi jikoki. Nan ana sayar da zabi, amma a ɗaure suke cikin keji, ba sa kuka irin na gida." Ya juya ga Madam. "Duk na tambayi waɗancan. Wani ya ce shi ɗan jarida ne ba ɗan wasa ba. Mutanenmu da ke kiran rediyon nan ba labarin duniya ya dame su ba, gida suke son ji."

Na fito. Nana ta tare ni a ƙofa ta ce, "Yaya, ke ce kika yi kaza?" Na ce zabuwa ce, ta je ta tambayi ubanta bambancin.

Kwanakin jira Kawu bai bar ni na zauna da tunani ba. Ya kai ni rumfarsa, ya nuna mini yadda ake jera goro cikin ganye, ya gabatar da ni ga duk wanda ya gifta: "Ɗiyar ƙanwata ce, a rediyo take." Labarin zabuwa ya riga ni isa kasuwa. Wani mai atamfa ya roƙe ni in maimaita, Kawu ya kore shi.

Da Madam Awa ta kira, ta fara da cewa aikin kullum Fati suka ba, don ta san gari da yaren matasansa. Na ce ta cancanta, kuma har zuciyata haka ne, na fara yi mata sallama. Sai ta ce in dakata, ba ta gama ba. Baba Alhaji ya zauna musu a ofis ya ƙi tashi, har suka yarda a buɗe sabon shiri na mako-mako, wanda zan riƙa haɗawa daga gida ina aiko musu: muryoyin kasuwa, gaisuwar 'yan'uwa, labarin damina, duk abin da ɗan ci-rani yake kewa. Ta ce ba sai na bar 'ya'yana ba. Na yi ta jera godiya da Hausa, na manta ba ta ji.

Na je Biyafara na yi wa Hajiya Kulu da matan gidan sallama. Madam Awa ta riga ta aiko an saya mata turare. Kawu ya cika mini jaka da goro da aceke, Nana ta raka ni tasha tana kuka tana cewa in gaishe da "Inna, shi da yara".

Shirin farko na haɗa shi makon da na dawo. Maƙwabta sun gan ni da sassafe a bayan gari ina bin garken zabi da waya a hannu, sun tsaya suna salati. Na buɗe shirin da kukan nasu, na bi da gaisuwar mutanen kasuwa. Ranar da aka watsa, Nana ta kira ni tana dariya har ba na gane maganarta. Wai Baba Alhaji ya sa an ƙure rediyo a layinsu na kasuwa, ya hana kowa ciniki sai da aka gama. Ana buɗe layin waya shi ne na farko da ya kira.

Ya ce, "Ku gaya wa ɗiyata na ji, Allah ya yi mata albarka. Amma waɗannan zabin Maraɗi ne. Na Tasawa sun fi su murya. Ta ƙara gaba kaɗan."

Ranar kasuwar Tasawa na shiga motar farko.